Gasasshen cuku na tarbar baƙi: a gasa shi dunƙule ko a yi haɗin kwano?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan cuku. Ƙarshen wata zan tara mutane a gida, wajen su talatin, kuma ina so in fara tarbarsu da gasasshen cuku mai ɗumi, irin wanda ake girkewa a tsakiyar tebur kowa ya dangwala burodi kafin a kawo abinci. Tambayata biyu ce. Wane cuku zan saya? Sannan duk wanda na taɓa gani a wajen taro, ko dai mai ya tsatso ya kwanta a samansa, ko kuma kafin a ci rabi ya daskare ya zama danƙo. Yaya ake kauce wa hakan? Obin ɗina ƙarami ne, tire ɗaya yake ci.

Hajiya Turai: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, kada ki wahalar da kanki, camembert za ki nema. Shi ne ɗan kewayayyen cukun nan na Faransa mai farin ɓawo, nauyinsa giram 250, yawanci a cikin ɗan akwatin katako yake zuwa. Ki cire takardar da aka naɗe shi da ita, ki mai da shi cikin akwatin, ki ajiye murfin gefe. Ki ɗauki wuƙa mai kaifi ki tsattsaga samansa, tsaga mara zurfi, iya ɓawon kawai. Ki yayyanka tafarnuwa ƙwaya ɗaya sirara-sirara ki cusa a tsagar, ki sa ɗan ganyen tayim, ki ɗiga man zaitun. Obin a digiri 180 na Salshiyos, minti 15 zuwa 20. Idan kika taɓa tsakiyarsa da bayan cokali kika ji yana motsi a ƙarƙashin ɓawon, ya yi. Ɓawon nan shi ne kwanonsa, shi ke riƙe narkakken cukun, don haka ban da huda gefe ko ƙasa.

Ummi Zee: Hajiya, akwatin katako a cikin obin? Ba zai kama da wuta ba? Ni fa tsoro nake ji.

Hajiya Turai: Ba zai kama ba 'yata, a digiri 180 na minti 20 babu abin da zai same shi, in dai bai taɓa ƙarfen wutar ba. Abin da za ki duba shi ne yadda aka haɗa akwatin. In da 'yan ƙusoshin ƙarfe aka ɗinke shi, to. In kuwa da gam aka manne shi, zafi na bugunsa zai saki, ki tarar cuku ya malale a tire. Wasu kamfanonin ma kwali suke sawa, wannan kam ba ya shiga obin. In kina shakka, ki sa cukun a ɗan kwanon tangaran da ya yi daidai da girmansa, shi ke nan.

Sadiku A.: Ƙarin bayani kan akwatin: tun wajen 1890 aka fara sa camembert a cikinsa, domin a iya ɗaukarsa daga yankin Normandi na Faransa zuwa garuruwa masu nisa ba tare da ya lotse ba. Ba don gashi aka yi shi ba, shi ya sa ba kowanne ke jure obin ba.

Nura Mai Girki: Hajiya, da girmamawa, ni ban yarda camembert ne amsar wannan tambayar ba. Ki duba fa, mutum talatin ta ce. Guda ɗaya na giram 250 bai wuce mutum biyar ko shida ba, kuma daɗinsa gajeren zango gare shi. Yana fitowa daga obin, minti goma zuwa sha biyar ne kake da su, daga nan sama ta fara yin fata, cikin ya fara kamewa. Baƙi kuwa ba tare suke zuwa ba. Wanda ya zo da wuri ya ci narkakke, wanda ya makara ya tarar da abin da ko cokali ba ya so ya shiga. Camembert na tebur ne da mutum shida suka zauna suna jira. Taron mutum talatin haɗin kwano yake so.

Maman Ilham: Malam Nura, mene ne haɗin kwanon? Yi mana bayani dalla-dalla don Allah.

Nura Mai Girki: To Maman Ilham. Gindin haɗin shi ne cuku mai laushin nan da ake shafa wa burodi, irin su Philadelphia, giram 450. Ki fito da shi daga firij da wuri ya saki. Ki buga shi da kirim mai tsami kofi ɗaya, ko yogot mai kauri wanda babu sukari. Sai mozzarella giram 200 da cheddar giram 150, ki goga su da kanki, da parmesan giram 60. Tafarnuwa uku ki ɗan soya ta tukuna, don ɗanya a cikin haɗin nan tana da kaifi. In kina son alayyahu, giram 400, ki zuba masa tafasasshen ruwa, ki tsame, ki sa a tsabtataccen ƙyalle ki matse iya ƙarfinki, sai ya zama ɗan dunƙulen da bai wuce cikin tafin hannu ba, sannan ki yanka. Ki cakuɗa duka, ki rage ɗan mozzarella na barbaɗawa a sama. Kwano mai faɗi mara zurfi, digiri 180, minti 25 ko har ki ga gefen yana ɓararraka, saman ya yi ja-ja-ja. Wannan zai yi minti talatin zuwa arba'in a kan tebur yana nan da laushinsa, ko ya huce ma ana iya dangwalarsa, saboda cuku mai laushin ba ya daskarewa ya yi tauri kamar sauran.

Hajiya Turai: Nura, wannan ai miya ce ka haɗa mata, ba gasasshen cuku ba.

Ummi Zee: Hajiya ta fara! Bari in gyara zama.

Hajiya Turai: Ba wasa nake ba. Na yarda haɗinsa yana daɗewa, amma ku ɗanɗana ku ji, me kuke ji a ciki? Tafarnuwa da kirim. Duk cukun da ka zuba, ɗanɗanonsa ya ɓace cikin taro. Shi kuwa camembert da aka gasa shi kaɗai yana da ƙamshinsa, wani abu mai kama da na naman kaza da bota, wanda ba ka samunsa a wani wuri. Kuma ido ma yana cin nasa. Ka ɗora shi a kan katako, ka kewaye shi da gasasshen burodi da yankakkiyar tuffa da inabi, mutum na farko ya ɗaga ɓawon saman, cikin ya gangaro a hankali. Wannan lokacin shi ne abin da mutane ke tunawa. Maganar hucewa kuma mai sauƙi ce: ba a gasa su lokaci ɗaya. Ta sayi guda shida, ta shirya su duka tun da rana, ta riƙa sa biyu-biyu, duk bayan minti ashirin. Kafin na tebur su ƙare, wasu sun fito.

Nura Mai Girki: Wato mai gida za ta kwana a bakin obin ke nan, baƙinta na falo.

Hajiya Turai: Zura tire da fito da shi ne kwana a bakin obin? Waya tana da agogo, ta saita ta tafi cikin baƙinta.

Anti Bilki: Ku bari in shiga tsakani. Ni tambayarta ta biyu ce ta fi damuna, kuma har yanzu babu wanda ya amsa ta. Me ya sa mai ke tsatsowa? Don ko haɗin kwanon ma na sha ganin ya fito da jan mai yana yawo a sama.

Sadiku A.: Anti, bari in gwada, don wannan fannin na karanta. Cuku abu uku ne a haɗe: furotin na madara wanda ake kira kesin, da kitse, da ruwa. Furotin ɗin saƙa yake yi kamar raga, kalsiyam ne ke ɗaure zarensa, kitsen da ruwan suna maƙale a cikin ramukan ragar. Idan aka sa zafi, kitsen ne ke fara narkewa tun wajen digiri 32. Shi ya sa cheddar da aka bari a waje cikin zafi kike ganin ya yi gumi. Ragar kuwa sai zafi ya ƙaru take saki. A cuku mai ruwa-ruwa irin mozzarella tana saki wajen digiri 55, a cheddar wajen 65, a busasshe irin parmesan sai wajen 80. Tsakanin sakin ragar da ƙonewarta, nan ne cuku ke da santsi. In aka zarce, ko wuta ta yi yawa ko an daɗe, furotin ɗin sai ya takure ya matse kansa, ya fitar da ruwan da kitsen waje. Jan man da kike gani a sama da danƙon da ke ƙasa abu ɗaya ne ya haife su.

Shekarun cukun ma suna da tasiri. Cheddar da ya daɗe a ajiye, wanda ya fi kaifin ɗanɗano, ruwansa ya ragu kuma furotin ɗinsa ya kakkarye, don haka ba ya iya riƙe kitsensa in ya ji wuta. Sabo shi ne mai narkewa sumul. Shi ya sa masu girki ke haɗa biyu, sabo don jiki, tsoho kaɗan don ɗanɗano. Haɗin Malam Nura ya bi wannan ƙa'idar, ko da bai faɗa ba.

Anti Bilki: Allah ya ƙara ilimi ƙanena. To maganinsa fa?

Sadiku A.: Amin Anti. Na farko kada wuta ta wuce 180 ga haɗin kwano, kuma a fito da shi da zarar gefe ya fara ɓararraka, kada a jira tsakiya ta tafasa. In ana son saman ya yi ja, a kunna wutar sama minti biyu a ƙarshe, ana tsaye ana kallo. Na biyu, sitacin masara. Ki barbaɗa babban cokali ɗaya a kan gogaggen cukun ki juya kafin ki zuba a haɗin. Sitacin yana shiga tsakanin furotin ya hana shi dunƙulewa, ya kuma riƙe kitsen. Ɗan ruwan lemun tsami shi ma yana taimakawa, saboda yana kama wani ɓangare na kalsiyam ɗin, ragar ta saki. Masu yin fondu, wato narkakken cukun da ake dangwala burodi a ciki, a Suwizalan da sitaci da abu mai tsami suke hana nasu tsinkewa.

Akwai kuma dabarar da wasu za su raina. Yankakken cukun nan da ake sa wa boga, mai zuwa falle-falle a leda, an sarrafa shi da gishirin da ke hana kitse rabuwa, irin su sodiyam sitret. A Suwizalan aka fara wannan a 1911, Walter Gerber da Fritz Stettler suka yi da cukun emmental, sannan James Kraft ya yi rajistar tasa hanyar a Amurka a 1916. In kika jefa falle biyu ko uku a cikin haɗin, gishirin da ke jikinsu yana isa ya daidaita sauran cukun. Ba za a ji ɗanɗanonsu ba, amma haɗin zai tsaya sumul.

Hajiya Turai: Cukun leda a cikin girkin baƙi. Allah ya kyauta.

Nura Mai Girki: Hajiya, yana aiki fa. Ni ina sawa.

Hajiya Turai: Na san yana aiki. Ban ce ba ya yi ba, cewa na yi ba da ni ba.

Maman Ilham: Malam Nura, na ga ka ce in goga cukun da kaina. Wanda ake sayarwa a goge fa? Zai rage min aiki sosai.

Nura Mai Girki: Ana barbaɗa masa sitaci ko wani farin gari na tsirrai don kada ya manne a leda, kuma ya fi bushewa. A cikin haɗin kwano ba zai ɓata miki komai ba sosai, tunda mu ma sitacin muke ƙarawa, sai dai in kin yi amfani da shi ki bar cokalin sitacin da Sadiku ya ce. Amma na barbaɗawa a sama, ki goga sabo. Gogaggen leda a sama yakan bushe sili-sili, bai narke ya haɗe ba. Ki sa dunƙulen mozzarella a firiza minti 15 kafin gugar, zai yi tauri ya daina lanƙwashewa a magogi. Kuma busasshen mozzarella na dunƙule nake nufi. Wanda ke zuwa cikin ruwa a leda zai cika miki kwano da ruwa.

Yaya Asabe: Ni dai nawa da ban ne. Brie, wani cukun Faransa mai farin ɓawo irin camembert, nake naɗewa a cikin kwaɓin fulawa mai falle-fallen nan da ake sayarwa a daskare. Shi ne ya haɗa buƙatar Hajiya da ta Nura, don kwaɓin yana riƙe zafi, sai ya yi rabin awa cikinsa na nan a narke in ba a yanka ba. Ki murza kwaɓin, ki ɗora cukun a tsakiya da sanyinsa daga firij, ki shafa jam na ɓaure ko na abirkot cokali biyu a samansa, ki tattaro gefen ki rufe, ki yanke abin da ya yi yawa don kada wajen haɗin ya yi kauri ya ƙi gasuwa. Ki shafa ƙwai. Ki mai da shi firij minti 20, sannan obin a digiri 200, minti 25 zuwa 30, har ya yi ja sosai. Abin da mutane ba sa haƙurin yi shi ne jira. Ya fito, a bar shi minti 10 zuwa 15. Aka yanka nan take, duk cikin zai zube a faranti kamar ruwa, a bar ki da fanko.

Ummi Zee: Yaya, ƙasan nawa kullum ɗanye yake fitowa, saman ya yi kyau amma gindin kamar ba a gasa ba.

Yaya Asabe: Ki sa tiren a obin ya yi zafi tun kafin, sai ki zame cukun a kai tare da takardar gashinsa. Ki kuma sauke shi matakin ƙasa. Sannan wajen da kika haɗe kwaɓin, in kika kifa shi ƙasa ninki uku ne ko huɗu a wuri ɗaya, dole ya ƙi gasuwa. Ni a sama nake barin haɗin, in murɗe shi ya zama ado, ƙasan ya kasance falle ɗaya tak.

Sadiku A.: Ga masu neman brie, ku lura da abu ɗaya. Asalin brie de Meaux faifai ne babba, kusan kilo 3, ana yanka shi ne a sayar. Yankakke ba ya gasuwa tsirara, don gefensa biyu a buɗe suke, zai tsiyaye. Ko dai a sayi ƙaramin kewayayye cikakke, ko a sa yankan a kwano. Haka kuma irin wannan cukun daga waje yake nuna zuwa ciki, farar fumfunar ɓawon ce ke narkar da shi sannu a hankali. In bai nuna ba, za ka ga tsakiyarsa fari fat mai tauri, kuma ko an gasa wannan tsakiyar ba ta saki sosai. In ya wuce nuna, za ka ji wari mai hawa hanci yana buɗe takarda, gashi kuma ƙara shi yake yi. Ka latsa tsakiyar ta bayan takarda, ya ɗan lotsa ya dawo, shi ne daidai.

Maman Ilham: Farar fumfuna? Wato ɓawon fumfuna ne? Ana ci kuwa?

Hajiya Turai: Ana ci sarai. Da gangan ake sa ta, irin mai kyau ce. Wanda bai so ya ture gefe ya ɗebi ciki.

Sista Hauwa: Tunda an zo nan, bari in sa baki ta ɓangarenmu na lafiya. Cikin mutum talatin da wuya a rasa mai juna biyu. Cuku mai laushi mai farin ɓawo, brie da camembert, yana cikin abin da ake hana masu ciki ci ɗanye, saboda ƙwayar cutar listeriya. Ita wannan ƙwayar ko a cikin firij tana iya hayayyafa, kuma tana da haɗari ga ɗan tayi. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta ce ba laifi a ci in an dafa shi har ya yi zafi yana turiri ciki da waje. To ku lura, ɗumi da turiri ba ɗaya ba ne. Camembert yana narkewa tun kafin ya kai zafin da ke kashe ƙwayar. In akwai ma'aunin zafi na girki, a soka a tsakiya a ga digiri 74. In babu, mai ciki ta ci haɗin kwanon da ya ɓararraka, ta bar ɗayan. A duba takarda kuma, asalin camembert de Normandie da ɗanyar madara ake yinsa, sauran da yawa da madarar da aka dafa.

Sai maganar zama a tebur. Abin da aka yi da madara kada ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafin wurin ya haura digiri 32, awa ɗaya. Bayan nan zubarwa ake yi, ba a mai da shi firij.

Anti Bilki: Sista, wannan ya ƙara ƙarfafa maganar Hajiya ta fito da shi kaɗan-kaɗan. Ko haɗin kwanon ne, gara a raba shi kwano uku ƙanana da a yi babba ɗaya ya yini a tebur.

Nura Mai Girki: Wannan na yarda. Ƙaramin kwano ma ya fi gasuwa daidai, babba kafin tsakiya ta yi zafi gefe ya tsatso mai. In akwai kaskon ƙarfe mai kauri, a gasa a ciki a kai tebur da shi, yana riƙe zafi fiye da tangaran. Sai dai a naɗe mariƙin da ƙyalle, don wani zai kai hannu bai sani ba.

Malam Habu: Ina bin ku a hankali, ba na girki amma ni ake aike sayayya. Tambayata, da me ake daskarar da madarar wajen yin cuku? Na ji ana cewa daga cikin dabba ake ciro shi.

Sadiku A.: Haka ne Malam, sunansa renet. Na asali daga tumbi na huɗu na ɗan maraƙi ake samunsa. Amma mafi yawan cukun kamfani a yau ba da shi ake yi ba, da wanda ake samarwa ta hanyar ƙananan halittu ne, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1990. Sai dai wasu cukun masu sunan gargajiya dokarsu ta ce dole na maraƙi, misali Parmigiano Reggiano na Italiya. Duk wanda ke kiyaye wannan, ko don addini ko don ba ya cin abin da ya fito daga dabba, ya karanta bayan takarda. Wasu kamfanonin suna rubuta ko na dabba ne ko ba na dabba ba, wasu ma har da hatimin halal. Yana da kyau mai masauki ta sani tun kafin wani baƙo ya tambaye ta.

Malam Habu: Madalla, na gode.

Ummi Zee: Ni fa akwai wanda na gani ana ta yayi a TikTok a 2021, feta, farin cukun nan na Girka, da ƙananan tumatir a obin. Wannan ba zai yi ba?

Yaya Asabe: Zai yi, har ma ya fi sauƙi. Wancan da taliya ake cakuɗa shi, daga Finlan ya taso. Amma a Girka sun daɗe suna gasa feta da tumatir da barkono da man zaitun a matsayin abin fara ci. Sai dai ki sani feta ba ya narkewa ya gangaro, laushi kawai yake yi, ya zama abin shafawa. Ga taro wannan alheri ne, don ko ya huce ba ya zama roba. Digiri 200, minti 25. Kada ki ƙara gishiri ko kaɗan, a ruwan gishiri yake kwance tun daga kamfani.

Sadiku A.: Tsaminsa ne ya hana shi narkewa. Halloumi na tsibirin Saifurus shi ma ba ya narkewa, amma shi saboda ana dafa gudajinsa a cikin ruwan madarar mai zafi ne tun wajen yinsa. Kada wanda ya saye shi da niyyar dangwale, shi sai dai a yanka a gasa a kasko, kuma yana hucewa yake yin tauri. Mutanen Ajantina suna da nasu, provoleta, yanki mai kaurin yatsa na cukun provolone da suke gasawa kafin nama, waje ya yi ɓawo ciki ya narke. Yana da daɗi ƙwarai amma ya fi camembert saurin daskarewa, ban ba Maman Ilham shawarar ta taɓa shi ga mutum talatin ba.

Maman Ilham: Kai, na ƙaru. Saura abu ɗaya, zuma. Ina ganin ana zuba wa camembert zuma, kafin gashi ne ko bayan?

Hajiya Turai: Bayan. Zuma a obin tsinkewa take yi ta gangara ƙasan akwati ta ƙone a can. Yana fitowa ki ɗiga cokali ɗaya, ki watsa soyayyen almon da kika daddaka sama-sama.

Yaya Asabe: Ni kuma minti biyar na ƙarshe nake sawa, tana ratsa tsagar ta shiga ciki. Ki gwada duka biyun ki ga wanda ya yi miki.

Nura Mai Girki: Ba wanda ya yi maganar abin dangwalawa, kuma nan ake yawan faɗuwa. Burodi mai laushi ba ya ɗaukar cuku, lanƙwashewa yake yi ya gutsure a cikin kwano. Ki sami dogon burodin nan mai ɓawo, ki yanka a karkace kaurin santimita ɗaya, ki shafa man zaitun, ki gasa minti 8 zuwa 10. Wannan tun da safe za ki yi shi ki rufe a mazubi in ya huce, don obin ya zama na cuku kaɗai da yamma. Ki lissafa yanka huɗu ko biyar ga kowane mutum, kullum burodi ke riga cuku ƙarewa. Ki ƙara da karas da kokwamba da tuffa mai ɗan tsami, saboda cuku zalla yana gundura. Tuffar ki shafa mata ruwan lemun tsami kada ta yi baƙi.

Maman Ilham: To ga abin da na tsara, ku gyara min. Haɗin Malam Nura in yi shi tun daren jajibirin taron, in raba kwano biyu, in rufe a firij. Camembert guda uku. Kwano na farko ya shiga minti 30 kafin lokacin da na sa wa mutane, don wanda ya zo da wuri ya tarar da abu. In an cika, camembert biyu su shiga tare. Sai kwano na biyu da camembert na ƙarshe ga 'yan latti.

Hajiya Turai: Tsarin ya yi. Ki fito da camembert ɗin daga firij minti 30 kafin su shiga, in ba haka ba gefe zai narke tsakiya na nan da sanyi. Kuma uku sun yi kaɗan, ki ƙara ɗaya.

Nura Mai Girki: Haɗin da ya kwana a firij ki ƙara masa minti 10 a kan lokacin da na faɗa, ki rufe shi da foyil a minti 15 na farko don kada sama ta ƙone kafin ciki ya yi zafi. Kuma kada ki ɗauko kwanon gilas daga firij ki zura shi kai tsaye a obin mai zafi, yana iya fashewa. Ki bar shi a waje ya sha iska tare da camembert ɗin. Mozzarella na sama kada ki barbaɗa tun dare, sai zai shiga.

Anti Bilki: A zagaye na ƙarshe da za ki sa kwano da camembert tare, ki duba tun yanzu ko tiren naki zai ɗauke su gefe da gefe. In ba zai ɗauka ba, kwanon ya fara shiga, don shi ne mai jure jira.